Zaren da Malam Ya Ce Zai Tsinke

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam mai zanen rana. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta mini, amma na ce sai na faɗi nawa. Shekara ashirin da shida ina share ɗakinka a ma'aikatar binciken sararin samaniya, Malam.

Ɗakin nan na sama nake nufi, mai rufin da ake turawa ya buɗe. Kullum da safe ka sa ido a madubin hangen nesa, ka zana fuskar rana da fensir. Ka ja mini kunne kada in kuskura in kalli rana haka kawai, sannan ka sa wa madubin jan gilashin nan naka na aiki mai rage haske, ka ce, "Iya, zo ki leƙa." Na ga baƙaƙen tabo kamar ƙunar garwashi a zani, ga wani abu dogo siriri kwance a gefensu. Na ce ai wannan zare ne. Ka yi dariya, ka ce ku ma haka kuke kiransa. Ka ce wani yakan yi makonni a kwance, wani kuwa ya miƙe ya tsinke, ya watso abin da zai iya rikita rediyo da lantarki.

Bana aka kawo sabon shugaba. Ya ce kwamfuta ta wadatar, a rufe ɗakinka, a kwashe takardun. Ni aka miƙa wa buhuna. Sati biyu ina ce musu bayana ke ciwo, Allah Ya yafe mini.

Ranar Alhamis ka sauko da takarda a hannu, ka ce zaren da ke kusa da babban tabo ya murɗe ya ɗago, ba zai wuce kwana uku ba. Ma'aikatan ofishin ƙasa suka ce tsoho ya koma duba, saura ya nemo ƙasa da wuri irin na bokaye. Shugaba ya ce to, in ya tsinke ɗaki naka ne, in bai tsinke ba ka ba da makulli. Da la'asar ɗin nan ciwo ya kayar da kai a matakala, aka wuce da kai asibiti.

Asabar na shigo da tsintsiya, na tarar da ma'aikatan cirko-cirko gaban kwamfuta. Na leƙa ta bayansu. Tabo na nan, zare babu. Ko rigar aiki ban cire ba na nufi asibiti.

Na ce, "Malam, ya tsinke."

Ka buɗe ido ka ce, "Ƙarfe nawa?"

Na ce tara da kwata, haka na ji suna faɗa. Ka ce a rubuta a takardar ranar, kada a bar ta fara.

Shugaba da kansa ya hau matakalar nan ya rubuta, da fensirinka. Ya ce ba mai taɓa ɗakin, yanzu ma har mutum biyu ke koyon zanen. Ka tafi da mutuncinka, Malam.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Uwargida da yara da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙuri. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.