Wasiƙar da Ka Ba Ni a Bakin Gada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ranka a bakin gadar da muka yi wata uku muna tsaro. Ni labarin bai iso ni ba sai ranar Alhamis. Ina kwance a ɗakin masu rauni na asibitin sojoji sajanmu ya shigo, ya tsaya a kaina, ya cire hularsa. Sai da na tambaye shi wane ne, sannan ya ce, "Na-ƙoshi ne."

A takarda kofur ne kai, amma a rundunarmu babu mai kiran ka da igiya. Duk ranar da abinci ya yi kaɗan, sai ka tura kwanonka gaban wanda ya fi ka galabaita ka ce, "Na ƙoshi," alhali muna jin cikinka yana ƙugi. Haka sunan ya bi ka shekara shida. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, kai ka ɗauki gadina kwana huɗu a kan naka don a ba ni izinin tafiya, kuma da na dawo zan yi godiya ka ce in rufe maka baki in wanke maka safa.

Ranar da aka fara yi mana ruwan wuta, mu goma sha biyu ne a ramukan da muka haƙa, a bayanmu kuma motocin mutanen ƙauyuka suna ƙetare gada da tsofaffi da jarirai. Harsashi ya same ni a cinya. Ka ɗaure wurin da bel ɗinka, ka saɓe ni, kana ta mita wai na fi buhun siminti nauyi. Washegari, da za a ɗora ni a motar asibiti, ka cusa mini takarda a aljihu, don a can waya ba ta shiga.

"Ka kai wa Malama hannu da hannu," ka ce. "Kada ka buɗe, rubutuna abin kunya ne."

Malama matarka ce, mai koyar da 'yan aji uku. Ban iya taka ƙafa ba sai bayan rasuwarka, saboda haka wasiƙar ta kwana goma sha biyu a ƙarƙashin matashina. Wannan jinkirin zai daɗe yana cina.

Na isa gidanka da sanda ana zaman makoki. Kafin nan wata magana ta riga ta zaga wayoyin mutane, wai sojojin gada sun zubar da bindigogi sun arce, shi ya sa aka same su da rauni a baya. Da yake Malama tana takaba, na aika mata takardar cikin gida, na zauna a falo tare da maza. Can sai wani maƙwabcinku mai sayar da kayan gini ya gyara zama ya ce, "Ai ba abin zargi ba ne. Rai daɗi gare shi, kowa ya ga wuta zai gudu."

Ashe ta ji. Ta ɗaga labule ta tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu, ta ce wa mahaifinka, "Baba, ka ba ni izini ɗanka ya yi magana." Ya gyaɗa kai. Ta karanta da muryar da take karanta wa yara darasi, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba:

"Malama, ajiye jan bironki, kada ki gyara mini rubutu. Jiya mun yi artabu tun hantsi har la'asar. Ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro. Bakina ya bushe har salati ma sai a zuci. Ƙasa tana tashi tana cika mana ido, kunnena na hagu har yanzu bai dawo ba. Mun rasa mutum biyu. Na harbi mutum na ga faɗuwarsa, abin da na ji kuwa sai na dawo zan iya gaya miki. Amma motoci arba'in da ɗaya sun ƙetare a bayana, da kaina na ƙirga. Maharan sun aiko cewa za su dawo su karɓi gadar. Su zo. Muddin akwai mai ƙetarewa, a nan za su same ni. Ki ce wa 'yan biyu su daina hawa katanga."

Ta naɗe takardar ta dubi mutumin ta ce, "Maƙwabci, wannan ne mai gudun?"

Sai ni ma na faɗi abin da sajan ya gani da idonsa. Gaskiya ne a baya harsashin ya same ka. Ka juya ne kana jan mai riƙe mana rediyo da aka harba a ciki, kuma ka kai shi bakin rami kafin ka faɗi. Yana nan da rai, gadonsa kusa da nawa yake. Maƙwabcin ya sunkuyar da kai, jim kaɗan ya nemi takalminsa.

Ga masu tura wannan magana daga inuwa, ina gaya muku: gadar tana hannunmu har yau. Wanda yake shakka ya zo asibiti, mu da muka tsira za mu kwance masa bandeji ya gani. Likita ya ce saura mako biyar in ajiye sanda, kuma na riga na rubuta cewa a mayar da ni ramina.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da jininsa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi cikin shahidai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da Malama, da 'yan biyu, da sauran 'yan'uwa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya yaran nan su girma suna faɗin sunan ubansu da ƙarfi. Amin.