Wasiƙun da Maxine Ta Tura Bayan Agogo

Maxine Pickersgill ba ta tsoron wuƙa, ba ta tsoron sanyi, ba ta tsoron manaja. Shekara goma sha tara muka yi kafaɗa da kafaɗa muna feɗe kifi a wani kamfani a garin Grimsby na Ingila, ban taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba. Abu ɗaya ne ke kashe mata baki: ambulan mai ruwan ƙasa, irin wanda hukuma ke aikowa.

Tana 'yar shekara tara jiragen kamun kifi suka daina fita, babanta ya rasa aiki. Irin waɗannan wasiƙun suka yi ta zuwa, daga baya maza biyu masu karɓar bashi suka biyo sawunsu. Suka fita da talabijin da keken ɗinkin mahaifiyarta, Irene, maƙwabta na leƙe ta bayan labule. Tun daga ranar, duk ambulan da ya shigo gidansu, bayan agogon falo ake tura shi. Ba a yagawa, ba a buɗewa.

Tana da shekara arba'in da huɗu ta ajiye wuƙa ta ce za ta jami'a ta zama malamar firamare. Na yi dariya har na ƙware da shayi.

"Ke? Da wannan ƙarnin kifin? Ai yaran guduwa za su yi."

"Josie, baƙin ciki ne zai kashe ki," ta ce. "Daga yau Farfesa za ki riƙa kirana."

Haka kuwa na riƙa kiranta. Kullum da safe ta hau bas ta haye gadar kogin Humber zuwa jami'a, da jakar goyo irin ta yara, ita ce babba a ajinsu. Da rancen ɗalibai take biyan haya, take ciyar da kanta da Irene. Kashi uku ake turo shi, a Satumba, da Janairu, da Afrilu, kuma ba a fara biyansa sai mutum ya gama ya kama aiki mai albashi. Wannan bashin bai dame ta ba. Takan ce bashin da ba ya ƙwanƙwasa ƙofa ai ɗan'uwa ne.

A shekararta ta biyu a jami'a, cikin Fabrairu, ta kira ni shagon da muke cin kifi da soyayyen dankali ranar Juma'a. Ta yayyafa gishiri, ta sake yayyafawa, ba ta kai ko ɗaya baki ba.

"Sun ga wani ƙullutu a cikina," ta ce. "Likita na so a yi mini aikin tiyata ranar shida ga Maris."

"To sai a yi mana," na ce.

"Ba haka nan ba ne. In aka yi aiki, dole in jingine karatu. In na jingine a tsakiyar zango, kuɗin sauran makonnin ba nawa ba ne. Nan take za su neme shi, ba jira sai na gama. Akwai wata a ajinmu da ta koma gida bara, fam dubu da ɗari tara suka ce ta mayar."

"Ina kuɗin Janairun?"

"Na biya hayar wata uku, na biya gas. Fam sittin ya rage." Ta ɗago ta dube ni. "Josie, Mama shekararta saba'in da tara. Ba za ta sake tsayawa a bakin ƙofa tana kallon ana fita da kayanta ba. Ba a kaina ba."

Na ce ta je ta tambayi mutanen jami'ar. Ta je. Amma ku ji yadda ta yi tambayar. Ta ce wai in mutum yana da wata 'yar hidima a gida, ya ɗan dakata, me zai faru? Hidima! Mace na ɗauke da ciwo a ciki, amma ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa baƙuwa ba, don kada a ce ta zo neman tausayi. Matar ofishin ta ba ta amsar abin da ta tambaya, ta kuma ce za ta aiko mata cikakken bayani ta gidan waya. Ta cika alkawari. Wasiƙar ta iso, ta wuce bayan agogo.

Maxine ta buga wa asibiti ta roƙi a ɗaga aikin zuwa ƙarshen zango. Har da ba su haƙuri wai ta dame su.

Makonnin nan ban san barci mai daɗi ba. Ina kallonta tana ramewa, wandonta na zamewa tana ƙara wa bel huji. In mai rabon wasiƙa ya taɓa ƙofa, sai ta zabura, kofi ya yi ƙara a kan faranti. In na tambaye ta, amsa ɗaya ce.

"Lafiya lau, 'yar'uwa. Kada ki tayar da ƙura."

Ni kuma sai in ɗora butar shayi. Abin da muka iya ke nan a garinmu. In mutum ya ce lafiya lau, ba a matsa masa, ana zuba masa madara ne a miƙa masa biskit. Da na ja ta da ƙarfi na kai ta asibitin nan, da ta yi fushi da ni na mako guda. Mako guda kawai.

Da Afrilu ya zo, sabon kashin rancen ya shigo, tsoron ya dawo sabo. Yanzu in ta tsaya, kuɗin wannan zangon za a nema. Ta ce bari ta ƙarasa jarrabawar Mayu.

"Farfesa, gawa ba ta karɓar takardar shaida," na ce mata. Ranar ce kaɗai na ɗaga mata murya.

"Ke da ko takardar sakandare ba ki da ita, ke za ki koya mini?" Ta yi dariya, sannan ta dafe ciki, dariyar ta tsinke.

An yi aikin a watan Yuni. Likitan ya fito ya zauna kusa da ni, kuma tun daga yadda ya zauna na gane. Ciwon ya riga ya bazu. Ban tambaye shi ko da an yi a Maris da ta tsira ba. Ina tsoron amsar har yau. Ta cika a Nuwamba, Irene na riƙe da hannu ɗaya, ina riƙe da ɗayan.

Kwana uku bayan jana'iza, Irene ta nuna mini agogon da haɓa. Ita ma ba ta iya taɓa wasiƙun da ke bayansa.

"'Yar nan, duba mini. In za su zo kwasar kaya, gara in sani, in kwashe hotunanta tukun."

Guda bakwai ne. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ko ɗaya da ke neman kuɗi. Ta biyar ita ce ta matar ofishin nan. A ƙasan shafi an rubuta cewa in rashin lafiya ne ya sa ɗalibi ya dakata, ya kawo takardar likita, rancensa zai ci gaba har kwana sittin. Da biro kuma ta ƙara da hannunta: "In akwai abin da ba ki faɗa ba, ki dawo mu yi magana."

Na ɗauko kalandar kicin na ƙirga da yatsa daga shida ga Maris. Kwana sittin ya kai ni biyar ga Mayu. Ya haye ƙarshen zangon da take tsoron a nemi kuɗinsa, har da saura.

Washegari na buga wa masu rancen. Wani saurayi mai sanyin murya ya yi mini ta'aziyya, ya ce in aiko da takardar shaidar mutuwa, za a soke bashin gaba ɗaya, ba ya hawa kan kowa.

Irene na tsaye a ƙofar falo, ta rungume hoton Maxine da jakar goyonta.

"Yaushe za su zo?"

"Ba mai zuwa, Mama," na ce. "Mayar da hoton wurinsa."

Ta mayar da shi kusa da agogo. Wasiƙa ta biyar ɗin ban nuna mata ba. Tana cikin aljihun rigar sanyina, kuma ban san ranar da zan iya fito da ita ba.