Dokar Hutun da Na Sa wa Jarumi

Mu huɗu ne muke wasan, duk Asabar bayan la'asar, a rumfar shagon wani tela abokinmu da ke hanyar Bakori a Funtuwa. Ɗan mai kemis ɗin layinmu ne ya zo mana da shi daga makaranta. Iyayensa 'yan kudu ne, amma a Funtuwa aka yanke masa cibi, in ya ɗauko zagi da Hausa sai ka toshe kunne. Ya ce mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. In za ka yi wani abu mai wuya sai ka jefa ɗan lido, ɗigon da ya fito shi zai nuna ka ci ko ka faɗi. Na ce ai wannan tatsuniya ce aka sa wa doka. Na karɓi ba da labarin, don dama bakina ba ya gajiya. Na zana ƙasa a bayan kwali, da kurmi da dodanni da garin aljanu a ƙarƙashin dutse, na rubuta dokoki a littafin makaranta.

Tela ya ɗauki maharbi. Ɗan mai kemis, kamar yadda kowa ya zata, ya ɗauki mai magani. Jarumi mai takobi kuwa ya faɗa hannun abokin wasana, ɗan gwaggota, wanda ya zo daga Malumfashi yana zaune gidanmu yana koyon gyaran waya. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ubangidan da ba shi da ko akuya".

Sikila gare shi. Tun muna yara ba a bari ya buga ƙwallo ko ya shiga ruwan sama. Ranar karyar masara duk gida a fita gona, shi a ajiye shi gindin ɗorawa da jarkar ruwa. Ko buhu rabi ya taɓa sai wani ya yi tsalle ya ce, "A'a, zauna ka huta." Ba ya musu, sai ya zauna.

Amma a rumfar tela, wayyo! Wani mutum ne daban. Ya naɗe ƙafa, ya girgiza ɗan lido a tafin hannunsa siriri, ya ce, "Ku koma bayana." Kuma su koma. Shi ya sare dodon kurmi, shi ya ɗauko tela a kafaɗa daga ramin aljanu. In mun tashi yana tafe yana ba ni labarin abin da ni na ƙirƙira da bakina. Wurin nan kaɗai ne a duniya ake ɓuya a bayansa. Na sani sarai, ba zan ce ban sani ba.

Sai ƙorafi ya fara. Tela ya ce shi ya gaji da zama ɗan rakiya, kibiyarsa ba ta kashe ko ƙadangare. Ɗan mai kemis ya ce, "Malam, wannan ba wasa ba ne, mulki ne. Ni aikina kawai ɗaure masa rauni?" Maganar ta sosa ni, don ni ne mai doka, kuma ba abin da na tsana kamar a ce ban yi adalci ba. Na zauna da biro na auna saran jarumi da harbin maharbi. Na ga lallai takobi ya fi kibiya nesa ba kusa ba.

Da na ga dama da na ƙara wa maharbi nisan harbi, na ba mai magani wani asiri, kowa ya tashi da murna. Ina! Sai na ga ya fi sauƙi in rage wa mutum ɗaya. Asabar ta zagayo, na buɗe littafi na karanta sabuwar doka: jarumi in ya yi sara biyu a jere ya gaji, dole a tsallake shi zagaye ɗaya.

Abokin wasana ya ce, "Saboda me?"

Da na yi shiru da sauƙi. Amma ni da an taɓa ni sai bakina ya riga kaina. Na ce, "Saboda ƙarfin ya yi yawa, bawana. Ga lissafi nan. Wannan jarumin ko jariri aka ba shi sai ya ci. Kai kana zaton iyawarka ce?"

Suka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Muka fara. Aka shiga kogo, ya yi sara ɗaya, ya yi na biyu, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗan lido. Na dafe shi na ce, "A'a, zauna ka huta."

Wallahi sai da ta fita na ji abin da na faɗa. Ya dube ni ya ce a hankali, "Nan ma?"

Ya zauna har aka gama. Asabar ta gaba ya ce yana da aiki a shagon gyaran waya. Bayan sati biyu ya haɗa jakarsa ya koma Malumfashi, ya ce wa babana kewar gwaggo yake yi. Na raka shi tasha, muna ta tsokanar juna kamar kullum, ban ba shi haƙuri ba. Girman kai ya hana ni.

Mu uku muka ci gaba. Na soke dokar hutun don ganinta ma ɓata mini rai yake yi, tela kuwa ya yi wuf ya karɓi jarumi da duk ƙarfinsa na da. Ranar farko dodo ya kashe shi a bakin kurmi. Muka ce tsautsayi, muka sake labarin daga farko. Asabar ta biyu ya mutu a kogo. Ta uku ɗan mai kemis ya karɓa, shi ko gada bai tsallake ba. Duk su biyun da sun ga faɗa sai su afka da ka. A nan na tuna yadda abokin wasana yake yi. Yakan tambaye ni faɗin ƙofa, ya tambayi inda rana take, ya ja da baya in ya ga ba riba, ya jira. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna ɗan ƙarfin da yake da shi kafin ya kashe shi, shi ya iya riƙe takobin nan. Lissafina bai ga wannan ba.

Washegari na hau mota zuwa Malumfashi. Damina ta faɗi, sanyinta ya tayar masa da ciwo. Na same shi kwance a ɗakin gwaggo an lulluɓe shi da bargo, idonsa ya yi rawaya. Ko gaisuwa ban gama ba na fara zuba: yadda tela ya mutu sau biyu, yadda ɗan mai kemis ya faɗa ruwa, yadda na gano ba jarumin ba ne, shi ne.

Ya saurare ni har na kai aya. Sannan ya ce, "Ubangidana, kai ma ka koyi maganar masu dubiya."

Na rantse masa. Na ce ga waya, ya kira tela ya tambaya. Ya ce, "Ai shi ma haka zai ce." Na ce ya warke ya zo ya gani da idonsa. Ya ce, "To, na ji. Allah ya saka da alheri." Irin amsar da yake ba duk wanda ya ce masa ya ga ya yi ƙiba.

Gwaggo ta shigo da kunu, ta ce in ƙyale shi haka nan ya samu barci. Na fito tsakar gida na tsaya ina kuka kamar yaro, ita tana zaton ciwon ne ya tsorata ni.

Bai ga kakar shekarar ba. Ƙaryar da na faɗa cikin raha a gaban mutane ya karɓe ta nan take, gaskiyar da na biyo shi da ita har gida ina rantsuwa kuwa ya ɗauke ta lallashi. Da wannan ya tafi, kuma ni na sa masa.