Ranar da Aka Fito da Jirgin Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, matuƙin kwale-kwale ne a bakin ruwan Tiga, ta ɓangarenmu na Rano. Aikinsa fito. Yana ɗaukar mutane da kayansu daga wannan gaɓa ya kai su waccan, manoman rani da mata masu tallar nono da duk wanda ke son zuwa kasuwa amma ba ya son dogon zagaye a kan babur. Uwata yake kirana, domin sunan kakarmu aka sa mini, kuma da wannan sunan nake yi masa mulki tun ina ƙarama. Ni ce na matsa masa ya shiga inshora lokacin da ƙungiyar masu jirage ta kawo maganar. Ya ce shi bai ga dalilin biyan kuɗi a kan abin da Allah bai riga ya aiko ba. Sai da na haɗa shi da malamin unguwarsu, malam ya ce irin wannan taimakekeniya ce, kowa ya zuba, wanda tsautsayi ya faɗa wa a rage masa nauyi. Ya shiga yana gunaguni, yana cewa ba don malam ba, don uwarsa ta ce.

A wata bazara da ruwa ya ja baya ƙwarai, jirgin ya hau kan kututture. Ƙarƙashin ruwan nan cike yake da kututturan itatuwan da dam ya cinye tun kafin a haife ni, kuma Kawu ya san su kamar yadda na san ɗaliban ajina, amma wannan bai taɓa kusantar saman ruwa ba sai shekarar. Buhunan albasa kawai ya ɗauko, babu fasinja. Goshin jirgin ya tsage, ruwa ya shigo, ya lallaɓa ya kai gaɓa.

Ina koyarwa a Kibiya aka yi mini waya. Na kira ofishin masu inshora a Kano, suka ce za su turo mai kimanta ɓarna, ya duba jirgin ya faɗi darajarsa da ta gyaransa, amma kada kowa ya taɓa shi kafin ya zo. Na kira Kawu na maimaita masa har ya gaji da ni.

"Kawu, ko ƙusa kada a buga. Yadda yake haka za a bar shi."

"Na ji, Uwata."

Ranar da mutumin ya zo, na tare shi a tashar Rano muka ɗauki mai adaidaita zuwa bakin ruwa. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, da jaka a rataye. A hanya ya gaya mini motoci ya fi dubawa yanzu, amma a bakin babban kogi aka haife shi, cikin jirgi ya yi rarrafe. Hankalina ya kwanta, na ce yau aiki zai tafi daidai.

Muka isa gaɓa, ga Kawu a tsaye da sauran matuƙa, ga jiragen mutane a ɗaure, amma nasa babu shi. Na duba hagu na duba dama.

"Kawu, ina jirgin?"

Ya nuna mini ruwa da haɓa. Can gaba kaɗan, wata gora ce a kafe da tsumma a kanta. Wai nan jirgin yake, a ƙasa. Sun cika shi da duwatsu sun nutsar da shi tun ranar da abin ya faru.

Raina ya ɓaci. Na ɗauko baƙo tun daga Kano ya zo ya duba gora da tsumma. Na manta da mutane na ce, "Ba na ce kada a taɓa ba?"

"Ai ba mu taɓa shi ba, Uwata. Ajiye shi muka yi."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, sauran matuƙan suna gyaɗa kai. A wurinsu jirgin da ya ji ciwo ba a barin sa a rana. Rana tana busar da itace, tsaga ta buɗe baki ta yi gaba. A ruwa kuwa itacen yana kumbura, tsagar ta matse. Da za ka ce su bar shi a tudu ya jira baƙo, daidai yake da ka ce su bar mara lafiya a ƙofar gida. Na juya zan ba mutumin haƙuri, sai na ga yana cire takalminsa yana murmushi.

"Malama, bar su. Da a garinmu ne ma haka za a yi. Alhaji, a fito mana da shi."

Matuƙan suka shiga ruwa har ƙirji, suna nitsewa suna fito da duwatsu suna miƙa wa juna. Na tsaya a tudu da lema ina ƙunƙuni. Na sha shiga jirgin nan, amma kullum rabinsa a ruwa yake, cikinsa cike da buhuna da ƙafafun mutane, ni kuma idona a rufe saboda tsoro. Ban taɓa ganin sa shi kaɗai ba.

Da duwatsun suka ragu, sai ruwan wajen ya yi duhu, ya fara motsi. Goshin ne ya fara fitowa, baƙi wuluk yana sheƙi, sannan sauran jikin ya biyo a hankali, yana ta fitowa bai ƙare ba. Ruwa yana zuba ta gefunansa, ƙananan kifaye suna tsalle daga cikinsa. Ni da na zo da faɗa a bakina, na sauke lemar ban sani ba. Suka kwalfe ruwan da ƙorai, suka ja shi zuwa inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

Mai kimantawar ya naɗe wandonsa ya shiga. Ya zagaya jirgin yana shafa shi da tafin hannu, daga goshi har wutsiya, ya dawo ta ɗaya gefen. Na ga yana neman wani abu bai samu ba.

"Alhaji, ina haɗinsa?"

"Babu haɗi. Itace ɗaya ne."

Ya ce, "Ikon Allah," a hankali, kamar da kansa yake magana. Ya buɗe hannuwansa biyu a kan faɗin jirgin, da ƙyar yatsunsa suka taɓa leɓe da leɓe. Kawu ya gaya masa maɗaci ne, a wata fadama ta wajen Fammar aka sare shi lokacin yana saurayi, masassaƙa suka kwana kusa da shi har suka gama rarake shi, shanu suka jawo shi. Na san hanyar Fammar, ina bin ta. Na yi ƙoƙarin tsayar da itacen nan a raina a inda yau babu komai sai gonakin dawa da 'yan darbejiya, abin ya fi ƙarfina. Ashe ƙasar da nake takawa kullum ta taɓa ɗaukar irin wannan, kuma ni ina zama a cikinsa ina rufe ido.

Mutumin ya fito da tef ya auna tsawo da faɗi da zurfi. Ya ɗauki hotuna da wayarsa. Ya soka tsinin wuƙa a wurare daban-daban yana duba ko itacen ya ruɓe, wuƙar ta ƙi shiga. Na tambaye shi yadda ake yi wa irin wannan kuɗi. Ya ce dokarsu ita ce a duba jirgin katako na yanzu da zai ɗauki irin kayan da wannan ke ɗauka, a cire tsufa, abin da ya rage shi ne daraja.

"Amma Malama, ki sani wannan lissafin jirgi ne. Itacen ba ni da inda zan rubuta shi. Ko na ba kawunki kuɗin duniya, ba zai sami irinsa ya saya ba."

Sai aka zo kan tsagar. Kawu ya nuna wurin, muka sunkuya. Wani ɗan layi ne kamar zare, daga goshi zuwa kamu ɗaya, daga nan ya ɓace. Ruwa ya rufe shi ruf. Mai kimantawar ya sa aka tura jirgin inda ya fi zurfi, maza suka shiga suka cika shi, suka yi ta rawa da shi. Ko ɗigo bai shigo ba. Matuƙan suka fara dariya suna cewa jirgi ya warke, a cusa auduga da kwalta a buga faci, gobe ya koma aiki. Ni ma na ji daɗi. Na ce a raina an rabu lafiya, Kawu zai karɓi kuɗin gyara ya riƙe abinsa.

Mutumin bai yi dariya ba. Ya ɗauko 'yar guduma ta katako daga jakarsa, ya kara kunnensa a jikin jirgin, yana ƙwanƙwasawa yana matsawa baya kaɗan-kaɗan. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, Kawu kaɗai ya kalla.

"Alhaji, zan gaya maka iyakar abin da na sani. Abin da idona ya gani, gyara ne. In na rubuta haka ban yi ƙarya ba, za a biya ka faci ka ci gaba da aikinka. Kunnena kuwa bai gamsu ba, amma jiƙaƙƙen itace yana ruɗin kunne. Hanya ɗaya ce ta sani: a fitar da shi tudu ya sha rana. In tsagar gajera ce, za ta ɗan buɗe, a gyara. In ta bi jijiyar itacen ta shige ciki, za ta buɗe ba ta sake rufuwa, in rubuta jirgin ya mutu, a biya ka, gawarsa ta zama ta kamfani. Jirginka ne. Ba zan tilasta maka ba."

Matuƙan suka taso da magana gaba ɗaya. Wa zai kashe jirginsa da hannunsa? Ga shi yana iyo, me kuma ake nema? Ni kaina na matsa kusa na ce, "Kawu, ka karɓi gyaran." Ina son jirgin a lokacin fiye da yadda na taɓa son wani abu da ba mutum ba, alhali da safe ko kamanninsa ban sani ba.

Ana cikin haka wasu matan Fulani suka sauko da ƙorensu na nono a ka, za su shiga wani jirgin. Babbar cikinsu ta tsaya ta gaida Kawu, ta ce tun da jirginsa ya tsaya suke raba kansu a ƙananan jirage cikin fargaba, yaushe zai dawo? Ya ce mata sai yadda Allah Ya yi. Ya bi su da kallo har suka yi nisa a ruwa. Sannan ya ce da mai kimantawar, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Ranar da ya hau kututturen, a wutsiya nake tsaye. A ƙafata na ji shi. Daga goshi ya taso har ya zo inda nake."

Ya juya ga matuƙan ya ce a ja shi tudu. Babu wanda ya motsa sai da ya kama igiyar da kansa.

Mai kimantawar ya koma Kano, ya ce zai dawo in itacen ya bushe. Kawu ya kai tabarmarsa gindin wata 'yar bishiya kusa da jirgin, nan yake wuni, nan ake kai masa abinci. 'Ya'yansa suka ce mini ba ya magana da kowa. Matuƙan da ke wucewa suna kawar da kai, wasu ma sun daina gaishe shi don haushi. Rana kuwa ta bazara ce, ba ta da tausayi. Baƙin jirgin ya koma toka-toka.

Ranar da mutumin ya dawo, tare muka sake zuwa. Mun isa rana tana tsaka. Tsagar goshin ta ɗan buɗe, yatsa zai shiga, amma ba ta wuce inda muka gan ta ba. Zuciyata ta fara murna. Mai kimantawar ya durƙusa yana dubawa, Kawu yana tsaye a kansa. Sai muka ji wata ƙara daga cikin itacen, 'yar ƙarama, kamar an karya kara. Wata ta biyo, sannan wata doguwa da na ji har cikin haƙorana. A gaban idonmu ƙasan jirgin ya rabu, layin yana gudu daga goshi, ya ratsa tsakiya, ya wuce. Tsuntsayen da ke kan bishiyar suka tashi. Wani ƙamshi mai ɗaci ya fito, na ɗanyen maɗaci, kamar jiya aka sare shi. Na sami kaina ina salati.

Mai kimantawar ya cire hularsa ya share goshi, ya mayar. Bai taɓa jakarsa ba. Kawu ya shiga cikin jirgin a hankali, ya taka zuwa tsakiya inda tsagar ta fi faɗi, ya tsuguna. Ya zura hannunsa a ciki har gwiwar hannu, ya taɓa ƙasa, ya ɗebo yashi. Ya daɗe yana kallon yashin, hawaye suna bin gemunsa bai share ba.

"Uwata, zo ki gani," ya ce. "Nan nake zaunar da masu goyo."

Ya zubar da yashin, ya karkaɗe hannu, ya ce wa mutumin ya rubuta.