Dalma Bakwai a Bakin Rigar Hajiya Rabi

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin tela a Riyadh, wadda ba ta fita raina ita ce Lahadin da Hajiya Rabi ta kawo rigarta. Ku da kuka zo bana, ku matso ku ji, don na ga hannunku yana saurin kaiwa ga reza.

A lokacin ina ɗinki a wani mashgal, wato shagon ɗinkin kayan mata, a unguwar Utaiqa. Tsarinsa shi ne mata ke gaba suna karɓar aiki da yin awo, mu maza muna ɗakin baya da kekunanmu, labule mai kauri a tsakani. Shugabarmu Madam Salwa ce, 'yar Siriya, ita ke raba aiki kuma ita ke duba shi kafin ya fita.

Hajiya Rabi tsohuwa ce 'yar Zariya, tana zaune wurin ɗanta da ke aiki a ofishin jakadancinmu. Idonta ya yi rauni ƙwarai, sai abu mai motsi take iya gani. Rigar tata ce tun tana budurwa, lokacin da aka tura ta Ingila koyon aikin jinya. Jikarta za ta sa ta ranar Alhamis a walimar gama makaranta, aka ce in rage tsawonta da yatsa uku. Abin da Hajiya ke so ɗaya ne, ta ga rigar ta sake tafiya sau ɗaya kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Kai, ban taɓa taɓa yadi irin wannan ba. Siliki ne ruwan toka mai sirkin shuɗi, sanyi kamar ruwan randa. Da na rataye ta a mutum-mutumin gwaji, iskar fanka ta taɓa ta, sai ta yi lilo a hankali ta dawo ta tsaya, kamar akwai mutum a ciki yana numfashi. Na bar shayina ya huce ina kallo. A zuci na ga tituna jiƙaƙƙu da ban taɓa takawa ba, da wata yarinya baƙa tana sauka daga matakala a hankali.

Da na fara warware kalmasar ƙasa, sai yatsana ya ci karo da wani abu mai tauri. Ɗan ƙulli ne kamar ƙwayar gyaɗa, an naɗe shi da kyalle an ɗinke shi da hannu a ɓoye. Na lalubo wani, na lalubo wani, har bakwai. Ni ɗan Bichi ne, na san abin da ake ɗinkewa a ɓoye a bakin riga, laya ce. Kuma kun san ƙasar nan, in aka ce an ga sihiri a teburinka, ba iƙamarka, wato takardar zamanka, kaɗai za ka rasa ba. Ban buɗe ko ɗaya ba, wa zai buɗe layar da bai san mai ita ba? Na cire su da bismilla, na ƙulle a leda, da aka tashi sallar azahar na tona gindin wata bishiya a bayan shago na binne su. Har ina yaba wa kaina cewa na rufa wa tsohuwa asiri.

Ranar Laraba Hajiya da jikarta suka zo gwaji. Ina bayan labule ina jin takun yarinyar, sai ya tsaya. Can na ji muryar Hajiya, ƙasa-ƙasa.

"Wannan ba ita ba ce. Tawa tafiya take yi, wannan tashi take kamar labulen taga."

Madam ta banko labule rigar na hannunta. "Ya Sani! Ina nauyin da ke ƙasa?"

Na ce mata na cire, na faɗi dalili. Ta dube ni, ta dafa kai. Ta baje rigar ta nuna mini saƙar yadin. Ta ce a da can matan Turai da ƙarfe da waya ake tayar musu da riga, a ɗaure ciki har numfashi ya gagara. Daga baya masu zanen kaya suka gaji da wannan, suka koma yanka yadi a karkace don ya bi jiki da kansa. To yadi marar nauyi in an sake shi iska ke wasa da shi, shi ya sa suke ɓoye 'yar dalma a kalmasa, kowace a inda aka auna, ita ke ja wa rigar linzami.

Kunya ta kama ni. Hajiya ta ce a matso da ita bakin labule. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, na ɗauka laya ce."

Ta yi dariya har da tari. "Ɗana, ai uwata ma haka ta ce da na dawo gida, sai da na ɓoye rigar a ƙasan akwati." Daga nan muryarta ta yi nisa. Ta ce wata tsohuwar Baturiya ce ta ɗinka mata, wadda ta koyi aikin a Faris tun tana yarinya. Kwana biyu ta rataye rigar kafin ta kalmashe, wai sai yadi ya gama saukowa. Sannan ta sa Hajiya ta zagaya ɗaki, tana binta a durƙushe da allura a baki, tana sa dalmar ɗaya bayan ɗaya.

"Suna nan?" ta tambaye ni.

Na fita cikin ranar nan mai narka kwalta, na tona gindin bishiya da cokalin shayi. Kyanwa ko wani abu ya riga ni, ledar a yage. Na tace ƙasa da yatsu na sami shida. Ta bakwai kuwa ko sama ko ƙasa.

Na wuce wurin wani mai faci ɗan Gusau, ya ba ni guntun dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota. Na yi ta gogawa ina ɗora ta a tafin hannu ɗaya, ta asali a ɗayan, har na daina jin bambanci. Na naɗe ta da kyallen da na rage daga rigar, na mayar da bakwai ɗin ina daidaita wurinsu da ramukan allurar Baturiyar da ke tsohuwar kalmasar.

Da safiyar Alhamis aka sake gwaji. Ni ban gani ba, sai dai na ji wani sauti kamar ana shafa ganye, ya tafi ya dawo. Hajiya ta ce, "Sake zagayawa." Sau huɗu tana faɗa, a na ƙarshe muryarta na rawa. Ni ma a bayan labule idona ya cika.

Da aka cire, ta bi kalmasar da yatsu tana taɓa su. A ta bakwai ta tsaya.

"Wannan ba ta Baturiyar ba ce."

"Tawa ce, Hajiya."

"To a bar ta. Kai ma ka shiga rigar ke nan."

Tun ranar, in aka kawo mini tsohon ɗinki na ga abin da ban gane ba, ajiye reza nake in yi tambaya, don wani tela ya durƙusa a wurin kafin ni kuma yana da dalilinsa. Rigar tana Zariya yanzu wurin jikar. Hajiya ta rasu bara.