Lasisin Gyaran Firiji, da Kawuna

A zangon Salaga aka haife ni, a gidan da ake karatun allo a zaure, ake sayar da ƙanƙara a cikin gida. Mahaifina malami ne. Mahaifiyata tana da tsohon firiji guda, a ciki take daskarar da sobolo, wato zoɓo, da ruwan leda. Rabin abin da muke ci daga firijin nan yake fitowa, ko da yake ba a faɗin haka a gaban Malam.

Ina da shekara ashirin da uku, na gama sakandare da sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina, sai firijin ya mutu ana tsakiyar zafi. Mahaifiyata ta aika wa ƙaninta da ke Yendi, mai gyaran firiji da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ya zo da kayan aikinsa a cikin buhu, ya yi kwana biyu yana aiki, ni ina miƙa masa ƙarafa. Ranar da zai koma ya ce wa mahaifina, "Malam, ka ba ni shi. Na ga hannunsa ba ya rawa." Mahaifina bai so ba, amma bai hana ba.

Shekara bakwai na yi a shagonsa, a bayan kasuwar Yendi. A gida Kawu nake ce masa, a shago kuma Masta, kamar yadda kowa ke cewa. Gajere ne, ba shi da yawan magana. Yatsu biyu na hannunsa na hagu sun yi fari tun yana saurayi, gas ya ƙone su da sanyi, ko wuta ya taɓa da su ba ya ji. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau, da alli yake rubuta wa kowane firiji sunan mai shi da cutarsa. Yana jin Hausa da Dagombanci da Gwanjanci, yana ciniki da yaren Tuwi. Boko ne kawai bai yi ba, ko kwana ɗaya. Duk da haka firijin allurar rigakafi na ƙananan asibitocin ƙauyuka, da esin ofisoshi, da ɗakunan sanyi na masu kifi, duk shi ake kira. Har Karaga muke zuwa a kan babur, silindar gas a tsakaninmu.

Wata rana aka kawo takarda daga ofishin da ke ba mu aikin asibitocin. Ni na karanta masa. An ce daga sabuwar shekara ba za a ba kowa aiki ba sai mai lasisi daga hukuma, saboda gas ɗin da muke saki a iska yana ɓata sararin sama, sabon gas ɗin da ya shigo kuma yana kama wuta. Za a yi horo na mako biyu a Tamale, sannan a yi jarrabawa, ta hannu da ta rubutu.

Na ce, "Masta, bari in je in yi mana. Takarda ɗaya ta ishi shago."

Ya ce, "Shagon wa?"

Muka rubuta sunayenmu mu biyu.

Kafin tafiya na yi mako uku ina koya masa rubuta sunansa da boko, bayan la'asar, idan an rufe ƙofa rabi. Yana jan haruffan daga dama zuwa hagu, ina mayar da shi. Ya iya daga ƙarshe, amma kowane harafi sai ya tsaya ya numfasa, kamar mai ɗaga kwamfiresar firiji.

A Tamale mu kusan talatin ne a aji, Kawu ne kaɗai mai furfura. Mai koyarwar saurayi ne mai ladabi, da Turanci yake bayani, ni ina raɗa wa Kawu fassara har wuyana ya ƙage. Yawancin abin da ake faɗa ya san shi, sunan ne kawai bai sani ba. Idan na fassara masa dogon bayani sai ya ce, "To, ai wannan shi ne idan bututu ya yi gumi." Littafin da aka ba mu daga wata ƙasa mai sanyi aka kwafo shi, akwai babi guda a kan yadda ake ɗumama gida. Muna zaune gumi yana ɗiga a kan takarda, fanka ta tsaya saboda an ɗauke wuta, ana koya mana yadda za mu sa ɗaki ya yi zafi. Aji ya fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya tambaye ni, "Wannan ma zai fito?" Na ce ban sani ba.

An fara da jarrabawar hannu. Aka ba kowa firiji mai yoyo, a nemo wurin, a janye gas ɗin cikin silinda kada ya fita iska, a yi walda, a mayar. Kawu ya gama kafin wasu su kunna wuta. Mai jarrabawar ya duba waldar, ya shafa ta da yatsa, ya kira mu duka ya ce mu zo mu ga yadda ake yi. Kawu ya tsaya gefe yana goge hannu da tsumma, yana kallon ƙasa.

Washegari aka yi ta rubutu. Tambayoyi ne masu amsa huɗu-huɗu, ka zaɓi ɗaya ka zagaye. An zaunar da shi a teburin da ke hagu da ni, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba. Da aka raba takardu ya rubuta sunansa, sannan ya ɗaga hannu. Matar da ke tsaron ɗakin ta zo.

"Hajiya," ya ce, "ko za a samu wanda zai karanta mini? Ni zan ba da amsa da kaina."

Ta ji Hausa. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba a ba ni wannan izini ba. Da tun wajen rajista ka faɗa, wataƙila da an shirya."

Ni na cika mana takardar rajistar. Akwai wani ƙaramin gurbi a ƙasa inda aka tambaya ko mutum yana bukatar taimako, na gan shi, na tsallake, don na ɗauka makafi da guragu ake nufi.

Ta koma gaba ta zauna. Na ji idon Kawu a gefen fuskata. Bai yi tari ba, bai taɓa ni ba, kallo kawai. Da na ɗan zame takardata zuwa bakin tebur, da ya ga inda nake zagayewa, ba ya bukatar karanta komai. An gaya mana duk wanda aka kama za a kore shi da wanda ya nuna masa. Na tuna matata da na baro a Yendi da ciki, na tuna shekara bakwai. Na sa gwiwar hannuna a kan takardar, na sunkuyar da kai, ban ɗago ba sai da aka ce lokaci ya cika. Da ana karɓa na hango tasa. Bai zagaye ko ɗaya ba. Ko canka bai yarda ya yi ba.

Muka hau motar komawa Yendi. Ya sayi dafaffiyar gyaɗa a hanya ya ba ni rabi.

Bayan wata biyu lasisina ya fito, da hotona da lamba. Kawu da kansa ya kai aka sa masa gilashi, ya kafa ƙusa ya rataye shi a bangon shago. Aiki ya ci gaba da zuwa, sai dai yanzu idan an gama ni nake sa hannu. Masu kawo aiki suka fara leƙowa suna cewa, "Ina mai takarda?" yana zaune a gabansu.

Wata rana aka kira mu wani ƙaramin asibiti a ƙauye, firijin rigakafi ba ya riƙe sanyi. Sabon jami'i ne a wurin, bai san Kawu ba. Ya duba katin lasisina, ya ce in shiga, dattijon ya jira a waje da kaya, don ɗakin magani ba na kowa ba ne. Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu ya ce, "Shiga, ana jiranka." Na shiga na yi awo, na yanke cewa gas ne ya ragu, na ƙara. Da na fito na gaya masa, ya tambaye ni ko na duba robar ƙofa. Ban duba ba. Ya ce, "Tun daga nan na ga ƙofar ba ta zauna ba." Na koma na gaya wa jami'in ina so in sake duba wani abu. Robar ce ta saki. Na gyara, na rage gas ɗin da na ƙara, na sa hannu, jami'in ya yaba mini. Kawu yana zaune a gindin darbejiya yana gadin babur.

Tun daga ranar ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ni. Bai yi faɗa ba. Idan an kawo wace, wato shinkafa da wake, da rana sai ya ce cikinsa ba daɗi, in ci, zai ci daga baya.

Ana haka wani ɗan kasuwa ya neme ni daga Bawku. Yana da ɗakin sanyi na kifi da kaji, yana kuma da kwangilar kula da wani ɗakin ajiye gawa. Mai yi masa gyara ya kwashe iyalinsa ya bar garin saboda rikici, kuma dole sai mai lasisi. Albashi ne na wata-wata, da ɗaki. Matata ta haihu, muna zaune a ɗaki guda a gidan Kawu. Na yi kwana goma ina juya maganar kafin in faɗa masa.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Takardar fa?"

Na ce, "Kawu, suna so su gan ta a can."

"Taka ce ai."

Na ce za a sake jarrabawa baɗi, zan cika masa gurbin nan, za a karanta masa. Ya ce, "In koma in zauna cikin jikokina wata ta karanta mini? Na yi sau ɗaya." Ya hau kujera ya sauko da takardar daga bango, ya goge gilashin da hularsa, ya naɗe ta da kwali ya ba ni.

Bawku ba ta karɓe ni da daɗi ba. Akwai unguwannin da aka ce kada in bi, akwai yaren da aka ce kada in gaisa da shi a wasu tituna, tun rana ba ta faɗi ba ake rufe shaguna saboda dokar hana fita. Na bar iyalina a Salaga wajen mahaifiyata. Mu a zango da mutum ya cika ake sallatarsa a kai shi, ban taɓa ganin gawa ta kwana ba. A nan kuwa na ga waɗanda suka yi makonni a cikin durowar ƙarfe, wasu ana jiran dangi daga kudu, wasu ana jiran bincike, wasu ba wanda ya zo nemansu.

A wata na huɗu kwamfiresar ɗakin gawar ta ƙone, a makon da motoci suka daina shigowa gari. Sabuwa tana Kumasi, ba hanyar kawo ta. Kwana ɗaya da rabi ɗakin ba sanyi, ga zafin Bawku. Dangi suna tsaye a waje sun toshe hanci da gyale, wata tsohuwa ta riƙe rigata tana magana da Kusasanci, ban ji ba, amma na gane ɗanta ne a ciki. Na je ɗakin kifi na kwance kwamfiresarsa, ɗan kasuwar yana kallo kayansa za su narke, bai hana ni ba. Ba girmansu ɗaya ba, littafi bai yarda da haka ba. Na ɗaure fuska da tawul na shiga ɗakin gawar da ita, na yi awa biyar a ciki, na fita na yi amai sau uku. Da la'asar bututu ya fara yin raɓa, sanyi ya dawo. Na wanke jikina da sabulu har fata ta yi zafi, amma na yi kwanaki ina jin warin a cikin abinci.

A can Yendi kuwa, wata uku da tafiyata ofishin ya ba wani kamfani daga Tamale aikin asibitocin. Masu kifi ma suka bi. Kawu ya koma gyaran fanka da dutsen guga. Daga baya hawan jini ya buge shi, gefen dama ya mutu, aka ba wani tela shagon. Mahaifiyata ce ta gaya mini a waya. Ba ta zarge ni ba, ta dai ce, "Ka je ka gan shi."

Na je da ƙaramar sallah. Na same shi a tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame, bakinsa ya karkace. Na durƙusa na gaishe shi. Na zo da maganar da na shirya tun daga Bawku, a kan ranar jarrabawa da gwiwar hannuna, amma da na fara sai ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na matso.

Ya ce, "An ce matattu kake yi wa aiki."

Na ce, "E, Kawu."

"Suna da yawa?"

"Wani lokaci."

Ya kalli kajin da ke tsakar gida. Can ya ce, "Idan za ka shiga, kana yi musu sallama?"

Na ce a'a, ban taɓa tunanin haka ba, kuma yawancinsu ba Musulmi ba ne.

Ya ce, "Ka riƙa yi. Ɗakinsu ne ka shiga."

Bai kai babbar sallah ba. Ranar da ya rasu hanya a rufe take, ban samu jana'izarsa ba, sai addu'ar bakwai. Har yanzu ina Bawku. Kowace Litinin da Alhamis nake duba ɗakin, in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama, sannan in shiga da gejin awon gas a hannu.