Na kai ƙwayoyin za'afaran bakin Komadugu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce tsoho ya rasa abin yi. Amma damuwar ta fi kunyar.

'Yata da ke karatu a Maroko ce ta aiko mini da wasu ƙananan ƙwayoyin shuka masu kama da tafarnuwa. Ta ce za'afaran ne, furensa shuɗi-shuɗi, in kula da su kafin ta dawo. Tun rasuwar mahaifiyarta ni kaɗai nake gidan, sai na shuka su a tsohon baho. Da sanyi suka fitar da ganye siriri kamar ciyawa, babu fure. Da zafi ya fara, ganyen ya bushe.

Na ɗauki bahon na shiga motar haya, muka tashi da asuba daga tashar Diffa zuwa wajen Assaga, don na yi tunanin bakin kogin Komadugu ya fi gidana sanyi, ko wani mai lambu zai karɓe su. Bahon yana kan cinyata. Motar ta cika da buhunan wofi na masu sayen tattasai, kowa na kukan tsadar mai. A shingen jandarmomi ɗaya ya leƙa bahon ya ce, "Baba, ƙasa kake kai wa daji?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ban saki bahon ba.

Ruwan kogi ya janye sosai. Tattasai a shanye ja wur har iyakar gani. Wata mata ta sayar mini da bandar kifi, na ci ni kaɗai a gindin tsamiya, ina kallon mutane suna aiki biyu-biyu.

Mai lambun da aka nuna mini dattijon Babarbare ne. Ya tona ƙasar da yatsa. Yawancin ƙwayoyin sun ruɓe, har da wari. Biyu kawai suka fito da tauri.

"Malam, ruwa nawa kake ba su?"

"Safe da yamma, kamar albasa."

"To ni ma haka zan yi. Ban san abin nan ba. In ka bar mini, kashe su zan yi."

Na yi masa godiya. Na naɗe biyun a hulata, na bar masa bahon.

Da la'asar na iso gida. Abin da na koyo shi ne, yawan kulawata ne ya cinye sauran, kuma duk kwarin nan ban samu wanda ya san wannan shuka ba. Yanzu biyun suna cikin kwano da busasshen yashi a ƙarƙashin gadona. Ina son in zuba musu ruwa, ina hana kaina.

Don Allah, wanda ya taɓa shuka za'afaran ya gaya mini: in ganyen ya bushe, barci suke ko sun mutu? Ranar Juma'a 'yata za ta kira, kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba.